Manhaja kyauta ce amma sunanta na da mai shi: Darasi ga matasan Gwarzo da Kabo

Duk lokacin da aka shiga zagayen rigakafin shan-inna a garuruwa irin su Getso da Lakwaya a ƙaramar hukumar Gwarzo, ko Garo da Durun a ƙaramar hukumar Kabo, akwai haruffa uku da suke yawo a bakin masu sa ido kan aikin: ODK.

ODK manhaja ce da ake cika fom da ita a wayar hannu, ko babu intanet, sai a tura bayanan daga baya idan an samu sabis. Masu bincike a Jami'ar Washington da ke Amurka ne suka fara ta a 2008, kuma kyauta take. Kowa na da damar ɗaukar asalin rubutun da aka gina ta da shi, ya duba, ya gyara, ya ƙara, har ma ya sayar da abin da ya fitar.

Abu ɗaya ne ba ya cikin kyautar, shi ne sunan manhajar da tambarinta.

Wannan bambanci yana kama da gardamar lauyoyi, amma ya fara shafar mutanen wannan yanki kai-tsaye. Bayanan asibitoci, shafukan makarantu da wayoyin da ke aljihun jama'a duk suna tafiya ne kan irin waɗannan manhajoji, sannan ga matasan yankin sun fara rubuta nasu.

Mece ce buɗaɗɗiyar manhaja?

Kowace manhaja tana da asalin rubutu, wato jerin umarnin da masu ita suka rubuta wa kwamfuta. Kamfanoni irin su Microsoft suna ɓoye na Windows, ba mai taɓawa sai su. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa, masu ita sun baje rubutun a fili tare da lasisin da ya ba kowa izinin amfani da shi da canja shi da rarraba shi.

Yammacin Kano cike yake da irinsu, ko da mutane ba su san da haka ba. Wayoyin Tecno da Itel da Infinix suna aiki da Android, wadda tushenta buɗaɗɗe ne kuma an gina ta a kan Linux. Alƙaluman wata-wata da cibiyoyin lafiya ke haɗawa suna shiga DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar ginawa, wadda Najeriya da ƙasashe fiye da 70 ke amfani da ita.

SORMAS kuwa, wadda ake bibiyar ɓarkewar cututtuka da ita, an ƙirƙire ta ne bayan annobar Ebola ta 2014 da haɗin gwiwar masana daga Najeriya da Jamus, kuma jihar Kano na ɗaya daga cikin jihohi biyu da aka fara gwada ta a 2015. Ɗayar ita ce Oyo.

Dokoki biyu ne, ba ɗaya ba

Inda mutane da yawa ke rikicewa shi ne ɗaukar cewa tunda an ba su rubutun, an ba su komai. Alhali dokoki biyu daban-daban ne ke aiki a nan.

Ta farko ita ce dokar haƙƙin mallaka, wadda ke kare abin da mutum ya rubuta. A Najeriya, sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, da aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, tana lissafa rubutun manhaja a cikin ayyukan rubutu, kuma kariyar tana samuwa tun daga lokacin da aka rubuta, ba sai an yi rajista ba. Wannan haƙƙin ne mai buɗaɗɗiyar manhaja ke sassauta wa jama'a ta hanyar lasisi.

Ta biyu ita ce dokar alamar kasuwanci, wadda ke kare suna da tambari. Babban aikinta shi ne hana a rikita mai saye game da hannun da kaya suka fito.

Duk wanda ya taɓa sayen atamfa a Kantin Kwari ya san wannan. Ba wanda ya hana wani buga atamfa. Abin da ke jawo rigima shi ne buga sunan wani kamfani a bakin zani don mai saye ya zaci ta asali ce. Haka ma taki da maganin feshi da manoman Kabo ke saye: tambarin da ke jikin buhu ko kwalba shi ne shaidar da manomi ke dogara da ita, tunda ba shi da ɗakin gwaji a gona.

Lasisin Apache, wanda manhajar ODK ta waya da tushen Android ke ƙarƙashinsa, ya faɗi haka ƙarara a sashe na 6: izinin bai haɗa da sunaye da alamun masu manhajar ba.

Shi ya sa da masu KoboToolbox, shirin da ya taso daga cibiyar ayyukan jinƙai ta Jami'ar Harvard, suka gina tasu manhajar waya a kan rubutun ODK, sai suka sa mata suna KoboCollect da nata tambarin. Ma'aikacin da ya yi amfani da duka biyun zai ga kamanninsu ɗaya, amma ya san kowacce da hannun da ke kula da ita. Kama da wane ba ta wane.

Me ya sa suna ke da muhimmanci a inda komai kyauta ne?

Dalilin shi ne, a buɗaɗɗiyar manhaja suna ne kaɗai abin da ya rage a hannun masu ita.

A yankuna kamar Gwarzo da Kabo, mutane da dama ba daga Play Store suke samun manhaja ba. Wani a wajen masu tura fina-finai da waƙoƙi yake karɓa, wani abokinsa ne ke tura masa ta Xender don tattalin data. Ba mai bincikar abin da ke cikin fayil ɗin. Suna da tambari ake gani, sai a yarda.

Tunda rubutun a buɗe yake, abu ne mai sauƙi wani ya ɗauka ya cusa tallace-tallace, ko ya saka abin da zai riƙa kwashe lambobin waya da saƙonni, ko ya karkatar da bayanai zuwa wani rumbun da ba na hukuma ba, sannan ya bar suna da tambarin yadda suke. Lasisin bai hana shi canja rubutun ba. Dokar alamar kasuwanci ce kaɗai ke cewa idan ya canja, to ya cire sunan mutane.

Idan aka yi sake, sai a koma kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Mai jabun ya kwashi riba, masu asalin manhajar su kwashi zagi.

A harkar lafiya abin ya wuce zagi. Yankin nan ya san irin wahalar da aka sha kafin a dawo da amincewar jama'a bayan dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003, har aka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020. Manhajar da ke ɗauke da sunayen gidaje da na yara, idan jabunta ya zubar da bayanan, ba manhajar kaɗai za a daina yarda da ita ba.

Yadda aka kusa ƙwace sunan Linux

Misali mafi shahara ya faru ne da Linux kanta. Linus Torvalds ya fara rubuta ta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, babban birnin Finland, kuma bai yi wa sunan rajista ba.

A 1994 wani mutum a Amurka mai suna William Della Croce, wanda ba shi da hannu a aikin, ya shigar da takardar mallakar sunan. A 1996 ya fara aika wasiƙu ga masu sayar da Linux yana neman kashi 10 cikin 100 na cinikinsu. Sai da aka haɗa lauyoyi aka kai ƙara, kafin a sasanta a 1997 aka miƙa wa Torvalds sunan.

A 2014 gidauniyar GNOME, masu wata buɗaɗɗiyar manhajar kwamfuta, ta wayi gari kamfanin Groupon ya sa wa wata na'urarsa ta kantuna suna Gnome. Da yake gidauniyar ta riga ta yi wa sunanta rajista, sai ta nemi tallafin jama'a, aka tara mata fiye da dala 100,000 cikin ɗan lokaci, kamfanin ya janye.

Bambancin labaran biyu takarda ce. Na farko ya yi ta fafutukar karɓo abin da yake nasa, na biyu kuwa yana da abin nunawa tun ranar farko.

Takobi mai kaifi biyu

Sai dai mallakar suna ba alheri ba ne zalla. Wanda ke riƙe da suna yana riƙe da linzamin aikin gaba ɗaya, kuma yana iya jan sa yadda ya ga dama.

Rikicin WordPress ya nuna haka. WordPress buɗaɗɗiyar manhaja ce da fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya ke kai, ciki har da jaridun Hausa da shafukan makarantu da dama. Tun 2010 sunan yana hannun gidauniyar WordPress, amma izinin yin kasuwanci da shi yana hannun Automattic, kamfanin Matt Mullenweg, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri manhajar.

A watan Satumban 2024 Mullenweg ya zargi wani kamfani mai suna WP Engine da cin riba da sunan WordPress ba tare da ba da gudummawar da ta kamata ba, aka nemi kamfanin ya riƙa biyan kashi 8 cikin 100 na kuɗin shigarsa. Da aka kasa daidaitawa, sai aka toshe wa kamfanin hanyar shiga rumbun da ake sabunta manhajar daga cikinsa. WP Engine ya kai ƙara a watan Oktoba, kuma a watan Disamba wata kotun tarayya a California ta ba da umarnin wucin-gadi cewa a buɗe masa hanya.

Waɗanda suka fi jin jiki a tsakani su ne masu shafukan da ba ruwansu da faɗan.

Kafin wannan an ga irinsa a 2010, lokacin da Oracle ya sayi kamfanin Sun, ya gaji sunan OpenOffice. Yawancin masu aikin sa-kai suka fice da rubutun, amma dole suka bar sunan a baya, suka fara sabo da sunan LibreOffice. Haka masu Debian suka shafe shekara goma, daga 2006 zuwa 2016, suna kiran Firefox ɗinsu Iceweasel saboda saɓani da Mozilla kan sharuɗɗan amfani da suna da tambari.

Darasin shi ne, bayan tambayar ko an yi rajista, akwai ta biyu: da sunan wa aka yi, kuma bisa wace yarjejeniya?

Abin da dokar Najeriya ta tanada

Dokar alamun kasuwanci ta Najeriya ta 1965 ce, kuma ofishin rajistar yana Abuja ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari. An rubuta ta ne da kayan da ake taɓawa da hannu a zuciya. Sai a watan Fabrairun 2023, da aka sanya hannu kan dokar sauƙaƙa harkokin kasuwanci, aka gyara ta ta haɗa da ayyukan hidima a fili, wanda ya shafi masu manhaja kai-tsaye.

Ana yin rajista ne rukuni-rukuni bisa tsarin duniya mai rukuni 45. Manhajar da ake saukewa tana rukuni na 9, hidimar gina manhaja da gudanar da ita tana na 42, kuma kowane rukuni da takardarsa. Bayan an karɓi buƙata ana buga ta a mujallar ofishin, a ba mai ƙorafi wata biyu. Rajistar farko shekara 7 ce, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Fitowar takardar shaida na iya ɗaukar dogon lokaci, amma ana ƙirga haƙƙin ne daga ranar da aka shigar da buƙata.

Wanda bai yi rajista ba, dokar ba ta ba shi damar shigar da ƙarar keta alama ba. Abin da ya rage masa shi ne ƙarar sojan-gona, inda sai ya tabbatar wa kotu cewa jama'a sun san shi da sunan kuma ana rikita su. Irin wannan ƙara ta yi nasara a 1961 a shari'ar Niger Chemists da Nigeria Chemists, kantunan magani biyu a titi ɗaya a Onitsha. Amma tara irin wannan hujja na buƙatar lauya da kuɗi da lokaci, waɗanda ƙaramin rukunin 'yan sa-kai ba su da su.

Akwai kuskure guda da ya yi yawa a tsakanin matasa 'yan kasuwa: ɗaukar cewa takardar hukumar CAC ta wadatar. CAC sunan kamfani ko na kasuwanci take yi wa rajista, ba alamar kaya ba. Haka sayen adireshin intanet mai ƙarewa da .ng ko buɗe shafi a Facebook ba su mallaka wa mutum suna.

Wani tanadin kuma ya shafi wannan yanki musamman. Dokar ba ta saurin karɓar kalmar da a ma'anarta ta yau da kullum sunan wuri ce ko sunan dangi, haka nan kalmar da ke bayyana abin da kayan ke yi kawai. Ke nan wanda ya sa wa manhajarsa Gwarzo, ko da jarumi yake nufi, zai iya fuskantar tambaya, tunda sunan gari ne kuma sunan da mutane ke amsawa. Suna irin "Manhajar Manoma" ma zai yi wuyar karewa. Ƙirƙirarren suna ya fi tsayawa.

Hausa ba ta tsaya a iyaka ba, amma rajista tana tsayawa

Manhajar da aka rubuta da Hausa a Kabo ba ta buƙatar biza kafin ta isa Maraɗi ko Damagaram. Rajistar Abuja kuwa a iyakar Jibiya take ƙarewa.

Najeriya ba ta cikin tsarin Madrid, wanda ke ba mutum damar neman kariya a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya. Jamhuriyar Nijar kuma tana cikin ƙungiyar OAPI mai ƙasashe 17 da hedkwata a Yaounde ta Kamaru, inda rajista ɗaya ta shekara 10 ke aiki a duka ƙasashen, ciki har da Chadi da Benin da Kamaru. Duk aikin da ke sa ran masu amfani a ƙasar Hausa baki ɗaya, ƙofofi biyu zai ƙwanƙwasa.

Me ya sa yanzu?

Shekarun baya yankin mai amfani ne kawai da abin da wasu suka rubuta. Hakan na canjawa. Gwarzo na da makarantar nazarin muhalli ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano. A Kabo an kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, wadda daga baya aka amince a ɗaga darajarta zuwa jami'ar kimiyya da fasaha. Shirin 3MTT na horar da matasa miliyan 3 kan fasahar zamani, da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, ya sa wasu matasan Arewa sun buɗe shafuka a GitHub, dandalin da ake ajiye buɗaɗɗun manhajoji.

An kuma ga cewa ɗan Najeriya na iya fitar da abin da duniya za ta ɗauka. Chakra UI, da Segun Adebayo ya saki a 2019, masu gina shafuka a ƙasashe da dama suna amfani da ita.

A ƙaddara wasu ɗalibai uku a Kabo sun rubuta manhajar lissafin adashi ko bashin taki da Hausa, suka sake ta kyauta, ƙungiyoyin manoma suka karɓa. Hanyoyi uku ne za su iya rasa ta. Wani ya fitar da jabu da sunansu yana cirar kuɗi. Ko wani ya riga su zuwa Abuja ya yi wa sunan rajista. Ko kuma ɗaya daga cikinsu ya yi rajistar da sunansa shi kaɗai, ran da aka ɓata ya tafi da ita.

Dokar ta ba wanda ya riga amfani da suna damar ci gaba da amfani da shi ko da wani ya yi rajista daga baya, amma sai da hujja. Shi ya sa ajiye shaidar ranar da aka fara sakin manhaja da yadda jama'a suka karɓe ta ke da amfani.

Matakan da ba su fi ƙarfin ƙaramin aiki ba

Mataki na farko bincike ne kafin raɗa suna. Firefox sai da ta canja suna sau biyu, daga Phoenix zuwa Firebird sannan Firefox a 2004, saboda wasu sun riga ta. Abin da ya ba Mozilla wahala zai fi ba ɗalibi.

Na biyu shi ne a daidaita wanda zai riƙe sunan tun ana shiri da juna. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba ƙungiyoyi damar yin rajista a ƙarƙashin amintattu, kuma irin wannan ƙungiya tana iya mallakar alama da sunanta. Idan aikin a makaranta aka yi shi, a rubuta a takarda ko na makarantar ne ko na ɗaliban. Idan wani aka ba ya zana tambarin, a karɓi rubutaccen miƙa haƙƙi daga hannunsa.

Na uku shi ne rubuta ƙa'idar amfani da suna a shafi ɗaya, da Hausa da Turanci: wa zai iya amfani da shi ba tare da tambaya ba, wa zai nemi izini, kuma wane irin canji ne ke wajabta sabon suna. Masu riƙe da sunan Linux suna ba da izinin amfani da shi kyauta ga wanda ya nema. Gidauniyar Wikimedia, wadda editocin Wikipedia ta Hausa ke aiki da tambarinta a tarukansu, tana da rubutacciyar ƙa'ida da ta sassauta wa masu aikin sa-kai ta kuma tsaurara wa masu neman riba.

Masu gina wa makarantu da asibitoci shafuka ma akwai nasu rabon. Faɗin gaskiya cewa an gina shafi da WordPress ba laifi ba ne. Sa sunan a cikin sunan kamfani ko adireshin intanet ne ƙa'idar gidauniyar ta hana. Moodle, da makarantu ke koyarwa da jarrabawa da ita, ta keɓe tallata hidimar kuɗi da sunanta ga abokan hulɗar da ta amince da su. Karanta ƙa'idar kafin buga allon shago ya fi arha a kan sauke shi.

Sauran aikin na hukumomi ne. Dokar tallafa wa sabbin kamfanonin fasaha ta 2022 ta yi alkawarin sauƙaƙa musu kare haƙƙoƙinsu, amma an tsara ta ne don kamfanonin da suka samu shaidar hukuma, ba 'yan sa-kai da ba su da kamfani ba. Nan ne makarantun Kabo da Gwarzo za su iya cike giɓi, ta hanyar koyar da wannan fanni tare da rubutun manhaja da kuma samar da ofishin da zai taimaka wa ɗalibai da takardu.

Ma'aikacin lafiyar da ke danna tambarin ODK a wani ƙauye na Gwarzo ba zai taɓa karanta rubutun da ke bayansa ba. Haka manomin da watarana zai danna tambarin manhajar da ɗan garinsu ya rubuta. Sunan ne kaɗai alkawarin da ke tsakaninsu da masu aikin, kuma rajistarsa tun kafin ya yi daraja ta fi sauƙi a kan neman ƙwato shi a kotu.